Just Dance a falonmu: rawar da ta ci kuɗinta da wadda muke tsallakewa

Duk wanda zai sayi Just Dance, wasan rawa da ake yi a gaban talabijin, a fara gaya mashi gaskiya guda: wasan nan hannun dama kaɗai yake gani. Rimot ɗin da ke hannunka shi ne idonsa. Abin da ƙafa ke yi, da ƙugu, da kafaɗa, da hannun hagu, duk bai san ana yi ba, sai fa ga masu yin sa da kyamara, irin Kinect ta tsohuwar na'urar Xbox, wadda ke kallon jiki gaba ɗaya. Autana ya daɗe da gano wannan lagon. Yana kishingiɗe a kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana juya rimot kamar mai burga miyar kuka, sai ya tashi da taurari biyar, ni da na jiƙe sharkaf in tashi da uku. Don haka ni ba da maki nake auna rawar cikin wasan nan ba. Abin da nake dubawa shi ne wace rawa ce ke sa sauran jiki ya motsa alhali ba a biyansa ko sisi. Da wannan ma'aunin zan bi waƙoƙin da muka fi kunnawa a gidanmu nan Katsina.

Ga wanda bai taɓa gani ba, kamfanin Ubisoft na Faransa ke yin sa. Na farko ya fito a ƙarshen 2009 a na'urar Wii ta Nintendo, daga nan duk shekara sai an fito da sabo, da waƙoƙi wajen arba'in. Kana kunna waƙa ɗan rawa zai bayyana a talabijin, fuska fara fat, kaya masu ɗaukar ido, hannu ɗaya cikin safa mai launi na daban. Hannun nan mai safa shi za ka bi da naka na dama. A ƙasan allo wasu 'yan zane-zanen mutum na wucewa suna nuna motsin da ke tafe. 'Yan rawar ba kwamfuta ta ƙirƙire su ba, mutane ne na gaske aka yi masu kwalliya aka ɗauke su a bidiyo, sannan aka sauya bayan fagen. Shi ya sa za ka ga jikinsu na da nauyi, in sun yi tsalle sun dira ka ji a ranka cewa sun dira. Kowane motsi ana ba shi hukunci nan take, daga X na wanda ya kuskure har Perfect. Duk maki 2,000 tauraro ɗaya ne, 10,000 taurari biyar ke nan. A na baya-bayan nan an ƙara Superstar a 11,000 da Megastar a 12,000, ƙololuwa kuma 13,333, wanda har yau ban ga mai rai ya taɓa shi a falonmu ba.

Yayanmu ne ya shigo mana da Wii lokacin da ya dawo daga karatu a Maleshiya, da faifan Just Dance 2 a ciki. Da ya yi aure matarsa ba ta damu da ita ba, sai na gaje ta, na riƙa tara faifai a hankali har zuwa na 2015. Daga baya Abbansu ya sayo wa yara Switch, wata na'urar ta Nintendo mai aiki da kati, muka samu na 2018 da na 2020 da na 2022. Abin da ya mayar da ni kai da gaske kuwa likita ne, da ya duba awon jinina ya ce in rage zama. To ina mace irina za ta je? In fita sassarfa da asuba a titin unguwa, kafin azahar labari ya kai gidan surukaina. A falo kuwa ƙofa zan tura, in sauke labule, in matsar da teburin tsakiya, shi ke nan.

Ta ɗaya a wurina, ba tare da wani dogon tunani ba, Rasputin ce, ta cikin Just Dance 2 na 2010. Waƙar Boney M. ce ta 1978, a kan wani mutumin Rasha da ya yi ƙarfi a fadar sarkinsu na ƙarshe har aka kashe shi a 1916. Ɗan rawar wani mai gemu ne da hular gashi da dogayen takalma, yana rawar mutanen can. Ana farawa da tafi, a hankali, har ka ce wannan ai wasan yara ne. Can sai ya harɗe hannuwa a ƙirji ya fara watsa ƙafafu gaba, dama, hagu, dama, hagu, yana rage tsawo. A nan ake gane ma'aunin da nake faɗa. Hannun da ke riƙe da rimot yana manne a ƙirji, kusan ba ya yin komai. Za ka iya tsayawa ƙiƙam ka ci makinka. Amma ban taɓa ganin wanda ya iya tsayawa ba. Kiɗan na da wani bugu mai kama da umarni, ƙafa da kanta take fita. Gwiwa ce ke biyan kuɗin daga baya, musamman ga wadda ta haihu huɗu, amma ana cikin yi ba mai tuna gwiwa.

Wani abin da Rasputin ta fi sauran da shi, ita kaɗai ce ke haɗa kaka da jika. In surukata ta zo ni ba na rawa, wannan ba sai an faɗa ba, yara ke yi ina daga kicin ina leƙe. Ranar da ta fara jin kiɗan nan ta ajiye carbinta a cinya ta ce, "Kai, wannan ai kiɗan su Alhaji ne." Ashe marigayi yana da kaset ɗin a motarsa Fijo, suna ji in za su Daura gaisuwar salla. Ta juya wurin auta, yana kwance yana kaɗa hannu yadda ya saba, ta ce, "Haba maigida, da wannan lalacin za ka riƙe ni? Tashi ka yi irin ta mai gemun, ko in koma gidanmu." Ya tashi kuwa. Babbar 'yata ta ce mata, "Hajiya, waƙar nan fa yanzu ta dawo, a TikTok ake yayinta." Gaskiyarta, a 2021 waƙar ta sake tashi a can. Hajiya ta ce su dai 'yan zamani komai sai sun ce su suka gano shi.

Sai 'yan Indiya. Duk wanda ya tashi a Arewa yana kallon finafinansu, jikinsa ya riga ya san rabin wannan rawar tun kafin ya riƙe rimot. A Just Dance 2 akwai Jai Ho ta A. R. Rahman, wadda ta ci kyautar Oscar a 2009, sai dai ba ta asalin aka sa ba, wadda aka sake rerawa da Turanci tare da Pussycat Dolls ce. Rawarta ta mutum ɗaya ce, duk aikin a wuyan hannu da kafaɗa yake, don haka ita ce wadda rimot ke yi wa adalci: wanda ya iya shi ke ci. Ina son ta, amma Katti Kalandal, ita ma a faifan, ta fi ta daɗi a taro, don ta mutum biyu ce, ana zagaye juna ana sauya wuri. Ni da ƙanwata mun mayar da ita tamu, har muna ƙara kaɗa kai da juya ido da wasan bai nema ba. A Just Dance 4 na 2012 kuma akwai Mundian To Bach Ke ta Panjabi MC, rawar bangara ta mutanen Punjab, hannuwa sama, kafaɗu na rawa, ƙafa ɗaya na tsalle. Wannan in an gama ta sai an nemi ruwa. Ita ce kuma ta koya mana kashe fankar sama kafin a fara, don ɗan ƙanwar Abbansu, dogo ne, ya ɗaga hannu da ƙarfinsa fanka ta gaishe shi. Ba ta yi mashi illa ba, amma tun daga ranar fankar ƙasa muke kunnawa.

A na 2018 akwai Waka Waka ta Shakira, waƙar gasar cin kofin duniya ta 2010 da aka yi a Afirka ta Kudu. Amshinta ma daga wata tsohuwar waƙar Kamaru aka ɗauko shi, Zangalewa ta ƙungiyar Golden Sounds, shi ya sa kunnen ɗan Afirka ke jin kamar ya san ta tun da. Rawar ta mutum huɗu ce, kuma ita nake fara sa wa baƙuwar da ta ce ita ba ta iya ba. Ana haɗa tafin hannu a gaban ƙirji, gwiwar hannu a buɗe, a karkata dama a karkata hagu, amshi ya dawo a maimaita. Kafin a kai tsakiya mai jin kunya ta manta da kunyarta. Akwai wata sigar ta 'yan ƙwallo, wadda samarin gidan suka fi so don suna ganin ba rawa suke ba, murnar cin ƙwallo suke, akwai kuma ta ƙananan yara. Aibinta ɗaya, saurin ginsa. Yara sun kunna ta har na fara jin ta a cikin barci.

A kati ɗaya da ita akwai Tumbum ta Yemi Alade. Ranar da na ga sunan 'yar Najeriya a jerin, sai da na kira ƙanwata a waya. Rawa ce ta ƙugu da ƙafa, irin wadda muke gani a bikin 'yan Kudu, kuma rimot ba ya ganin ko kashi ɗaya cikin uku na wahalarta. Tana cikin waɗanda sai mu mata zalla muke yi, an kori samari waje. Akwai sigarta mai tsanani da suke kira Extreme, wadda babbar 'yata ta nace sai ta ga bayanta. Ni kallo nake, ina ba da shawarar da ba a tambaye ni ba.

Wadda ta zo ta biyu bayan Rasputin, wani lokaci ma har ta sha gabanta, Jerusalema ce a na 2022. Master KG na Afirka ta Kudu ya fitar da ita a ƙarshen 2019, Nomcebo Zikode ta rera da harshen Zulu. A 2020 wasu matasa a Angola suka ɗauki bidiyo suna taka ta riƙe da farantan abinci, daga nan duniya ta ɗauka, ma'aikatan asibiti da na jiragen sama kowa na yin tasa. Takun duk a ƙafa yake. Ka miƙa ƙafa ɗaya gaba ka dangwala sau huɗu, ka sauya ɗaya ƙafar sau huɗu, sai a riƙa musanyawa da sauri, a taka gaba, a juya a fuskanci wani bangon, a sake daga farko. Masu wasan sun ƙara mata motsin hannu don rimot ya samu abin gani, amma kowa ya san ba nan daɗin yake ba. A gidanmu in aka sa ta, rimot biyu ne ke aiki, masu rawa kuwa sun kai takwas. Ana yin sahu daga gaban talabijin har bakin ƙofar kicin, yarinyar da ke taya ni aiki na ciki da ludayi a hannu, ba mai duban maki. Gudunta matsakaici ne, babba mai jiki zai iya, ba tsugunno ba tsalle mai yawa, kuma in mutum ɗaya ya juya ba daidai ba ya yi karo da na bayansa, dariyar da ake yi ta fi rawar motsa ciki. Ya kamata dai a sani, baitocinta addu'a ce irin ta Kirista. Wata maƙwabciyata da ta ji haka ta ce yaranta su bar ta, ban kuma ga laifinta ba. Kowa da inda ya ja layinsa.

Akwai wasu da ba kullum ake sa su ba amma suna da ranarsu. Papaoutai ta Stromae, a na 2015, sai 'yan'uwanmu na Maraɗi sun zo take tashi, don su ke jin Faransanci, su ke bin baitin da baki. Mawaƙin ɗan Beljiyam ne, mahaifinsa ɗan Ruwanda da aka kashe a kisan ƙare dangi na 1994, waƙar kuma ta yaro ce mai neman ubansa. Tun da aka fassara mani ita na daina jin ta a matsayin waƙar nishaɗi zalla. Motsinta a sanƙare yake, ana yi ana tsayawa cak, kuma tana cikin kaɗan da sai ka natsu kake cin maki. A faifan nan dai akwai wata mai kiɗan Larabawa sunanta Fatima, wadda duk mai wannan suna a dangi ta ce don ita aka yi, ga shi kuwa ba su da kaɗan. Pata Pata ta Just Dance 3, tsohuwar waƙar Miriam Makeba da wasu suka sake rerawa, ita nake sawa a ƙarshe in numfashi ya fara gaza mani.

Tetris ta 2015 kuwa na hana. Mutum huɗu ne ke haɗa jiki suna yin siffofi, har da ɗaga ɗaya sama a kwance. Ga ƙwararrun da aka ɗauka a bidiyo abin sha'awa ne. Ga yara huɗu a kan tayil, ɗaya sanye da safa, hanyar asibitin ƙashi ce. Baby Shark ta na 2020 ba ta da haɗari ga jiki, ga kwanyar uwa ne take da shi. Daga na 2018 an ware sashen yara ƙanana, waƙoƙi gajeru, motsi mai sauƙi, ba a nuna wa yaro ya faɗi. Wannan tunani ne mai kyau, don ɗan shekara huɗu in ya ga X ja a kan sunansa kuka zai sa.

Yanzu waɗanda muke tsallakewa, kuma suna da yawa. Wasan nan ba don gidan Bahaushe aka tsara shi ba, wannan a fili yake. A kowane kati za ka samu waƙoƙin da shigar 'yar rawar ba ta kallon falo ba ce, ko rawar mace da namiji mai rungume-rungume, ko baitin da in ka ji ma'anarsa za ka yi salati. Suna toshe kalmomin batsa na ƙarara, amma toshe kalma ɗaya ba ya gyara waƙar da gaba ɗayanta zancen ke nan. Despacito a na 2018 misali ce: yara na son kiɗan, ba mai jin Sifaniyanci a cikinmu, amma da na nemi fassararta sai na ce a wuce. Abin da nake yi, duk sabon kati ni ke fara zama in bi jerin ni kaɗai da dare, in ga kowace, washegari in faɗi waɗanda aka yarda da su. A cikin arba'in nakan tsira da wajen rabi. Wanda zai saya ya sa wannan a lissafinsa, rabin kaya zai biya wa kuɗin duka. Ban zo da fatawa ba. Na san gidajen da ba a kunna kiɗa sam, kuma ina girmama su. Mu namu tsarin, ana kiran salla ake kashewa ko da ana tsakiyar Megastar, in baƙo namiji ya yi sallama 'yan mata su zauna, da azumi kuma na'urar na cikin durowa sai bayan salla.

Batun motsa jiki, yana aiki in ka yi da gaskiya. Akwai sashen da suke kira Sweat mai ƙirga maka abin da ka ƙona, amma tunda shi ma hannun dama yake tambaya, ban ba lissafinsa muhimmanci ba. Ma'aunina ɗankwali: in ya jiƙe an yi aiki. Waƙa huɗu ko biyar a jere, wajen minti ashirin ke nan, sun ishi mai farawa. Lokacin hunturu shi ne kakar wasan nan a Katsina. Daga Maris zuwa Mayu kuwa, in ba da sassafe ba ko bayan isha'i, kada ma a fara, zafin garin nan ba ya son ƙari. A sa wando da riga mai sakewa. Zani ba ya jure Rasputin, na ga yadda suke rabuwa.

To wanne za a saya? A nan ne nake da magana mai nauyi. Har zuwa na 2022, in ka sayi wasan Switch ɗan kati ne a cikin kwali. Ka zura, waƙoƙinsa arba'in na ciki, ba ruwanka da data, ba ruwanka da sabis. In kun gaji da shi ka ba ɗan'uwa aro ko ka sayar. Tsofaffin waƙoƙi na shekarun baya su ne sai ka biya kuɗin wata a abin da suka kira Just Dance Unlimited, wanda ya fara da na 2016, kuma kai tsaye daga intanet suke zuwa. Daga na 2023 tsarin ya sauya. Kwalin da za ka saya ba kati a ciki, takarda ce mai lambobi. Sai ka buɗe asusu, ka shigar da lambobin, ka sauke wasan da datarka, tsofaffin waƙoƙi kuma suna Just Dance+, shi ma na kuɗin wata. Ga mai intanet ɗin gida da ba ya yankewa wannan ba komai ba ne. Ga mai kunna hospot ɗin waya yana lissafin gigabait, tsari ne da ba da shi aka yi shawara ba. Kuma lambobin sau ɗaya suke aiki, don haka kwalin 2023 ko 2024 na hannu, in an riga an yi amfani da shi, kwali ne kawai. Na taka Calm Down ta Rema, ɗan Benin ta jihar Edo, a na 2024 a gidan ƙanwata a Kaduna. Ta yi kyau, hoton ya fi na da tsabta nesa ba kusa ba. Amma waƙa ɗaya ba ta isa ta sa in bar abin da ke aiki ko an ɗauke sabis ba.

In kati ɗaya za a saya, ni na 2018 zan ce, saboda Waka Waka da Tumbum da sashen yara. In biyu ne a ƙara na 2022 don Jerusalema. Na 2020 yana da wani sashe na cikar wasan shekara goma, inda aka jero waƙa ɗaya daga kowace fitowa, kuma Rasputin ce ke wakiltar ta biyu, ga wanda ba shi da Wii ke nan. Shi ne kuma na ƙarshe da ya fito a Wii ɗin. Tsakanin na'urorin biyu, Switch ta fi dacewa da halin wutarmu, don tana da batir da ɗan allonta. In an ɗauke wuta ana tsakiyar rawa sai a zare ta a jingina a kan tebur a ci gaba, ko da yake mutum shida a gaban allon da bai fi tafin hannu biyu ba, na baya da ka yake rawa. Tana zuwa da ƙananan rimot biyu, wato mutum biyu sun samu tun ranar farko. Ana iya mayar da waya rimot in ita da na'urar suna kan wifi ɗaya, amma ni ba na ba yaro wayata ya riƙa wulwulawa a sama. Wii kuwa ta fi araha nesa, kuma tsofaffin faifanta sun fi yawan rawar da ba ta tsufa, sai dai ba ta motsi sai da wuta ko sola. Wanda ba shi da ko ɗaya ya fara da YouTube, bidiyon rawar na nan birjik, ba maki amma gumin ɗaya ne.

Abin da ke ci mani rai duk shekara in na duba sabon jeri, ba kiɗanmu ko ɗaya. An sa na Indiya, na Koriya, na Rasha, na Larabawa, na Brazil, an taɓo Legas da Afirka ta Kudu. Alhali da za a samu mai kai masu asharalle ta Katsina, ko kiɗan ƙwarya na amada da mata ke takawa a biki, da sun ga rawar da ta dace da rimot ɗinsu, don tamu akwai aikin hannu da kafaɗa, ga juya gyale, ga sahu. Mu dai mun yi wa kanmu magani. In an gaji da na allo sai a kashe sautin talabijin, a sa namu a sifika, 'yar rawar Jai Ho na can tana ta faman yi, mu muna nan muna tamu. Wani lokaci har maki take ba mu.

Kayan ba su cika samuwa a shagunan cikin gari ba, yawanci sai an aika Kano ko Abuja, farashi kuma na bin dala, don haka ba zan faɗi kuɗi ba. Wanda za a aika dai a ja mashi kunne. Ya sa mai shago ya buɗe kwalin a gabansa ya ga kati da idonsa. In Wii ce, ya tabbatar faifan da na'urar 'yan yanki ɗaya ne, don faifan Amurka ba ya tashi a Wii ɗin Turai. Switch ba ta da wannan matsalar. Ya duba ɗan sandan da ake ɗorawa a kan talabijin yana cikin kayan Wii, don in ba shi zaɓen waƙa ma wahala ne. Ya gwada kowane rimot da waƙa guda cikakkiya, ba danna maɓalli kawai ba, don wani yana kunnuwa amma ba ya jin motsi. Sannan kada ya baro shagon sai da igiyar da ake ɗaurawa a wuyan hannu, ɗaya ga kowane rimot. Masu sayar da na hannu sun saba cewa ta ɓace, ba ta da amfani. Tafin hannu in ya yi gumi santsi yake, rimot kuma talabijin yake fuskanta, kuɗin igiya huɗu bai kai na gilashin allo ba.